Fitilar Da Inna Take Jira Bayan La'asar

Ni ɗan fari ne, haifaffen Ƙofar Durbi, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina aiki a Fatakwal, ina ji da kaina a harkar kwamfuta kamar ni na ƙera ta. Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini. In na buga waya sai ta ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, ta ajiye. Tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai ce a gidan, don ƙanwata tana ɗakin mijinta.

Da na zo hutu sai na bar kwamfuta a falo a kan sola, na ce saboda takardun aikina ne, na saita ta yadda zan buɗe burauza, manhajar shiga intanet, daga ko'ina in shiga cikinta. Gaskiyar magana, kamarar da ke jikinta nake so, don in riƙa ganin Inna. Duk sanda na shiga, wata 'yar fitila takan kama a saman allon. Ban san yadda Inna ta gano ba, amma sai ga shi kullum bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma daidai wurin, tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗaga kai. Ni ma ban taɓa cewa uffan ba. Hirarmu ke nan, kuma wallahi ta ishe mu.

Sai aka toshe hanyar a intanet ɗin ofishinmu. Kowace irin shiga tana da lambar ƙofarta, wadda ake kira fot, kuma tawa ce suka rufe. Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Na shiga ta datar wayata, na canza lambar daga can, na danna. Shafin ya mutu nan take. Ashe rautar gida, na'urar da ke shigo da intanet, tsohuwar lambar kaɗai ta sani, ita kuma ba a taɓa ta sai daga cikin gida. Garin neman gira na rasa ido. Na yi tsaki na ce in na je Babbar Salla na gyara. Ban gaya wa Inna ba, don da wane baki zan ce abin da ba mu taɓa ambata ba ya lalace?

Watanni suka wuce. Ranar da na iso, ƙanwata ta tare ni a zaure da faɗa. Ta ce duk zafin bazarar nan Inna ta hana a kunna fanka don kada batir ya ƙare wa kwamfuta, ta daina zuwa sunan maƙwabta in ya kai la'asar, kuma ta rame ba ciwon komai. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ga tabarmar nan a wurinta. Inna ta juya wajen ƙanwata, ta yi magana a hankali.

"Ki ce ma wancan, in ya gaji da kallona ba laifi. Ni dai ban gaji da zama ba."

Na yi kuka, ni da gemuna. Gyaran kuwa kafin shayi ya huce na gama shi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Masu irin sana'ata, kada ku canza fot daga nesa sai kun buɗe sabuwar a rauta, kun gwada, sannan ku rufe tsohuwar. In kuma hanya ta yanke tsakaninku da iyaye, ku buɗe baki ku faɗa ko da kunya, don wanda ba ya tambaya shi ya fi jira. Yanzu in fitilar ta kama nakan yi sallama. Inna ba ta amsawa da ƙarfi, amma ina ganin leɓenta yana motsi.