Shi Zai Zo Ran Litinin

Cikin duk ranakun da na yi a aikin koyarwa, akwai wata Litinin da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ina ba ku labarinta ne, ku sababbin malamai, don na ga wasunku sun fara yamutsa fuska in yaro ya buɗe baki ya yi Hausar Mubi.

A lokacin ni ne mataimakin hedimasta a wata firamare da ke ɓangaren Betso. Ni mutumin Gude ne, yawancin ɗalibanmu kuwa 'ya'yan Kamwe ne, saboda haka Hausa ce ke haɗa mu da iyayensu. Hausarmu kuma kun san ta, ba ta nuna wariya: namiji "shi", mace "shi", akuya ma "shi". Muna zaune lafiya a haka aka turo mana Malam Sagir.

Malam Sagir ɗan unguwar Yelwa ne a cikin Mubi, iyayensa masu sayar da yadi, amma a Katsina ya yi karatu wajen kakanninsa. Ya dawo mana da Hausa mai sitati da guga. Aka ba shi aji shida. Mutumin kirki ne, yana iya ba yaro abincinsa shi ya wuni da yunwa, sai dai ba ya iya jin "Saratu ya zo" ya haɗiye. Wata rana wani yaro ya shigo aji a guje yana cewa, "Sa, saniya ya shiga lambun makaranta!" Malam Sagir ya tsayar da shi sai da ya ce "ta shiga". Kafin su fito, saniyar ta gama da kuɓewarmu. Tun daga nan yara suka sa masa suna Malam Ita. Mu ma haka muke kiransa a ofis, in ya ba da baya.

A zangon farko, ana tsakiyar girbin dawa, wata yarinya a ajinsa mai suna Masi ta daina zuwa, ita da ƙanenta Tumba na aji huɗu. Masi ce ke jan ajin a lissafi. Matsalar ita ce, kafin hutu ake tura sunayen 'yan aji shida ofishin ilimi na ƙaramar hukuma don jarrabawar shiga sakandare, hedimasta kuma ba ya tura sunan wanda ba ya zuwa. In Masi ba ta dawo a makon da ke tafe ba, shekarar ta wuce ta. A ƙauye kuwa, yarinyar da shekara ta wuce ba kasafai take waiwayar aji ba.

Ƙa'idarmu ita ce malamin aji ya kai rahoto, hedimasta ya tura mutum biyu wajen iyaye. Ran Alhamis bayan an tashi, na goya Malam Sagir a babur. Da muka zo mayo, wato rafi, muka sauka muna turawa cikin yashi, na ce masa, "Malam, don Allah yau ka bar jan bironka a aljihu." Ya ce, "Haba, ai ni ba yaro ba ne."

Muka tarar da mahaifin, Baba Vandi, a bakin gona da masu taya shi yankan dawa. Bayan gaisuwa, Malam Sagir ya durƙusa ya yi bayani mai ratsa jiki. Gaskiya ko ni sai da na ji ƙwalla.

Dattijon ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malam, Masi yana da kai, na sani. Amma mamansu yana kwance. Wa zai dafa? Tumba kuma shi ƙarami ne, akuya yana raina shi. In akuya ya shiga gonar mutane, ni za a kira. Dole ɗaya ya zauna."

Ina kallon leɓen Malam Sagir yana motsi kamar mai lazimi, amma ya daure. Ya ce Tumba na da sauran shekaru a gabansa, Masi kuwa wannan ce damarta. Sai Baba Vandi ya ce, "To, na ji. Shi zai zo ran Litinin."

"Baba, shi ko ita?"

Na taka wa Malam Sagir ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu yankan dawa suka ƙyalƙyale da dariya. Dattijon ya miƙe ya ce, "Na ce shi zai zo. Roƙo ka zo, ko ka zo koya mini magana a gonana?" Ya ɗauki kwandonsa ya shige cikin karan dawa. Ba a bin dattijo da tambaya a gaban mutanensa, dole muka juya.

A hanya Malam Sagir ya ce, "Shi ke nan, Tumba zai turo. Shi ya ce." Na ce, "A Mubi kake fa. Wannan 'shi' ɗin zai iya zama Masi, zai iya zama Tumba, in ba ka yi sa'a ba akuyar ce za ta zo." Wasa nake yi, amma ina tsoron fushin ya sa dattijon ya hana mu duka biyun. Ran Juma'a Malam Sagir ya wuni kamar kazar da ruwa ya daka. Har wani yaro ya ce "tebur ta karye" a gabansa don ya gwada shi, bai ko ɗago kai ba.

Ran Litinin tun kafin a buga ƙararrawa yana tsaye a bakin ƙofar makaranta. Ina ofis tare da hedimasta da sauran malamai sai ga shi ya faɗo a guje, hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, ya zo! Masi ya zo! Wallahi ya zo da jakarsa!"

Nan take dariya ta ɓarke a ofis, har hedimasta yana riƙe ciki. Malam Sagir ya tsaya yana raba ido, da ya gane abin da ya faɗa ya ce, "Ku yi ta yi. Yau ban san nahawu ba."

Masi ta shigo ta durƙusa ta ce babanta zai riƙa tafiya gona da awakin, Tumba ya zauna da mama har a gama girbi. Ta juya ga Malam Sagir ta ƙara da cewa, "Ya ce in gaya maka, malamin da ya tura babur cikin mayo saboda yaron wani, ba a mayar da shi hannu banza, ko da bakinsa yana ƙaiƙayi." An tura sunanta, ta zauna jarrabawar, ta kuma shiga sakandare.

Ban ce ku daina gyara wa yara ba. A takardar jarrabawa "ta zo" ake nema, kuma ko a wannan fanni 'yan ajin Malam Sagir sun fi na kowa. Amma gyara na cikin aji ne. A gaban iyaye, ku fara jin abin da mutum ke nufi, don su ma sauraronku suke yi su ji ko kun damu da ɗansu. Kuma in dattijo ya ce muku "shi zai zo", kada ku tambaye shi shi ko ita. Ku kama sunan yaron, ku yi godiya, ku hau babur ɗinku.