Ƙasar surin Sharaɗa

Na yi jikoki yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, har sunayen maƙwabtan da muka zauna tare sai na yi ta lalube. Amma abin da ya same ni a Sharaɗa, unguwar kamfanoni, damina ta biyu da zuwanmu birni, shi kam ya ƙi tafiya, kuma na san da shi za a binne ni. Har yau in aka yi ruwan fari ƙasa ta tashi da ƙamshi, kowa yana murna, ni zuciyata ce take tashi.

A lokacin maigidana yana aiki a wani kamfanin jima, inda ake gyaran fatu da ƙiraga. Daga ƙauye ya ɗauko ni da 'yar farina a goye, muka kama ɗaki a wani gidan haya na ƙasa, mazan gidan duk 'yan kamfani. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Kwatar da ta bi ta ƙofar gida yau shuɗiya, gobe ja, jibi baƙa wuluk. Wari kuwa ba a magana, na ɗanyen ƙirgi, na magani, da wani mai kama da kananzir, har a tuwo kana jin sa. Da farko na yi ta amai, daga baya hancina ya saba, ya daina gaya mini komai.

Tsakanin katangar gidanmu da wayar da ta kewaye kamfani akwai ɗan fili, a filin akwai suri ja, ya ɗara ni tsawo. Ni ban taɓa ɗaukar gara abokiyar gaba ba. A garinmu gero bai fi yin kyau ko'ina ba kamar gindin tsohon suri, don karan da ta cinye da kashin shanu duk ƙasa take mayar da su. Da ita muke kiwon 'yan tsaki, a kifa tukunya da jiƙaƙƙen kara a kan hanyarta, da safe a kaɗe musu. Tun ina ƙarama na san farare ƙananan nan su ne masu aiki, ba sa son haske, shi ya sa suke gina rufaffiyar hanya a jikin bango. Masu jan kai da baki kamar almakashi su ne zago, masu tsaro. Can ƙasa kuma, a wani ɗaki mai tauri, uwarsu take kwance, fara, mai kauri kamar babban yatsa, ba ta aikin komai sai ƙwai. In suri ya dami gida, babanmu haƙa yake yi har ya ciro uwar nan. Shi ke nan, suri ya mutu.

Da na yaye yarinya na sami ciki, sai kwaɗayin ƙasa ya taso mini. Matan da suka haihu sun san abin da nake faɗa. Ga nama ga madara, ranka ba ya so, sai ƙasar suri, ka ɗan gutsura ta narke a harshe. Ba abin da ake faɗa wa miji ba ne. Uwata ta ci, kakata ta ci, babu wadda mijinta ya taɓa ji. Ni ba na fita, sai wata tsohuwa da take zaune da ɗanta a ɗakin kusa da zaure, mutuniyar Damagaram, muna ce mata Iya, ita take ɓalgato mini ta ƙulle a bakin zane. Ta kan miƙo mini tana tsiya, wai ga tsiren amarya, a ci a hankali kada ango ya gani ya ce a sam masa.

Cikin nan na tsorata da shi ƙwarai, ban san dalili ba. In ya yi shiru kaɗan sai na kwanta na dafa, ina jira. In ya motsa sai na yi ajiyar zuciya. Iya ta ce yadda yake shurin nan namiji ne, kuma ɗan dambe.

Kayan jariri a kwali nake tara su a ƙarƙashin gado, 'yan riguna, da hula, da sabon zanen goyo da uwata ta aiko. Wata rana na jawo kwalin sai gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta biyo ta ƙarƙashin daɓe ta shige, ta mai da zanen kamar rariya. Na zauna na yi kuka sosai, don na ɗauke shi muguwar alama. Maigida ya dawo daga aikin safe ya same ni a haka. Mutum ne marar yawan magana. Ya ɗaga zanen ya duba, ya ce, "Share hawayenki, zan yi maganinta." Na ɗauka haƙa zai yi irin na gida.

Ashe wanda jiniya take kora ba shi da ranar haƙa. Akwai wani farin gari da suke barbaɗa wa ƙiraga a kamfani don kada ƙwari su ci. Shi ya ɗebo a gwangwanin madara, ya ɓoye a cikin riga ya wuce masu gadi. Ranar Lahadi da hantsi shi da mazan gidan suka farfasa kan surin, suka dama garin da ruwa suka ɗura. Ina ciki ina jin ƙarar diga, na zaci kwata suke yashewa. Iya kuwa ta tafi suna unguwar Ɗorayi. Da ya shigo yana wanke hannu na tambaye shi, ya ce ɗan aiki suka yi a waje. Aikin waje na maza ne, ba a yi wa mace bayani, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Abin da mazan ba su kula da shi ba, gara ba ta barin gidanta a buɗe. In ka fasa, nan take za ta fara ɗebo ƙasa daga ciki, ta jiƙa da bakinta, ta liƙe. Sabon ginin nan, mai danshi, mai laushi, shi ne wanda mai ciki ta fi so. Da Iya ta leƙa ranar Talata ta ga sabon liƙi jajir a kan suri, sai ta yi murna, ta ɓalgato mini fiye da kullum.

Na ji ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Na ji wari ma. Amma me ba ya wari a Sharaɗa? Har na ga matattun zago biyu maƙale a ciki, na tsince su na yar, na ce ko Iya ce ta murƙushe su. Na ci, bayan azahar na ƙara.

Kafin la'asar jiri ya kwashe ni a bakin murhu. Amai, yawu yana zuba, hannuwana suna karkarwa kamar ba nawa ba. Ina jin cikin yana juyi da ƙarfi, irin wanda bai taɓa yi ba, yana shuri ta ko'ina, sai kuma ya yi tsit. Na dafa, na jira. Na ce wa Iya ya daina motsi. Ta ce barci yake, amma muryarta ba ta yarda da abin da ta faɗa ba. Aka yi shatar tasi, maigida a gaba, ni da Iya a baya, sai asibitin cikin gari.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta tambayi abin da na ci. Na dubi maigida, kunya ta rufe ni, ga azaba. Da ƙyar na ce ƙasar suri. Ta fara faɗa, wai mu matan ƙauye sai ka ce awaki. Ni ba ita nake kallo ba. Fuskar maigida nake kallo, don na ga ta canza kamar an watsa mata toka.

"Wane surin?" ya ce.

Iya ta ce na bayan katanga mana, akwai wani ne?

Sai ya jingina da bango. Nas ta juyo ta ce masa wannan ba ta yi kama da ƙasa kaɗai ba, ko an zuba wani magani a wurin? In an san irinsa a faɗa, likita zai san abin da zai ba ta. Ya dubi ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce.

Aka ɗaura mini ruwa, aka yi ta allurai. Ni na tashi. Bayan kwana biyu na haifi abin da ke cikina ba rai, namiji, da gashinsa baƙi kwance luf, har da farce. Ba su bari na riƙe shi ba, na dai ga ƙafarsa da aka naɗe shi. Maigida ya tafi da shi shi kaɗai, a cikin ɗan ƙyalle, don zanen goyon da aka tanadar masa gara ta riga shi.

Sai da na yi sati a gida sannan ya faɗa mini, da rana tsaka, yana zaune a bakin ƙofa ya ba ni baya. Ya faɗi gwangwanin, ya faɗi Lahadin. Na ce, "Ashe ka sani, da matar nan ta tambaye ka." Ya ce da ya faɗa, za a tambayi inda ya samo, magana ta kai kamfani, ga shi kullum ana sallamar mutane ba laifin komai, balle wanda ya fita da kaya. Lokacin ne ake layin sabulu da madara saboda ƙarancin kaya. Ya ce da me zai ciyar da mu? Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke ma da kin gaya mini kina ci." Da gaskiyarsa, kuma gaskiyar ba ta rage mini komai ba.

Ban sani ba ko da maigida ya buɗe baki yaron zai rayu. Wataƙila tun a tasi ya tafi. Wannan rashin sanin shi ya fi cina, don ba wanda zan tambaya. Mazan gidan suka haɗa baki, aka ce ɓari ne, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar nan a gwangwanin madara ta shigo. Iya ba ta ƙara haɗa ido da ni ba, kafin kaka ta sa ɗanta ya mai da ita garinsu.

Da damina ta zagayo, aka yi ruwan fari, da yamma sai ga gina, garar nan mai fukafukai, tana fitowa daga surin nan kamar hayaƙi. Maganin bai ko kai ga uwar ba. Surin ma ya ƙara tsawo. Yaran unguwa suka fito da kwanuka suna kamawa za a soya, ni kuwa na tsaya a zaure ba mayafi, na riƙe hannun 'yata gam, ina yi wa 'ya'yan mutane ihu su zubar. Aka ce haihuwar ce ta taɓa ni.

Na zauna da mutumin nan har Allah ya karɓi ransa, na haifa masa wasu, bai taɓa cuta ta da gangan ba. Don ni ya ɗebo garin, Iya ma don ni ta ɓalgato ƙasar. Kowa ya yi mini alheri a ɓoye, ni ma na ci a ɓoye. Shi ya sa duk 'yar da zan kai ɗakin miji, bayan an gama yi mata nasihar haƙuri da kunya, nake jan ta gefe. Na ce duk abin da za ki sa a baki kina da ciki, mijinki ya sani, ko zai yi miki dariya. Duk abin da ya shigo da shi gida a ƙulle, ki tambaya, in ya ce ɗan aiki ne ki ce wane aiki. Mun yi wa juna kunya ni da babanku, aka yaba mana, kuma ga inda ɗan'uwanku yake kwance, ko suna bai samu ba.