Odell Venable da Filin Tseren da Ke Jiran Tashin Coci

Haihuwa da asali

An haifi Odell Venable ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1934 a ƙauyen Tolliver, cikin tuddan yammacin jihar Carolina ta Arewa. Mahaifinsa, Coy Venable, manomin taba ne, mahaifiyarsa kuwa, Ardith, ɗiyar wani mai injin yankan katako ce. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. Baya ga noma, Coy yana cikin masu dakon giyar masara ta ɓoye zuwa birane, sana'ar da ta tilasta wa ma'abotanta ƙara wa injin mota ƙarfi don tsere wa jami'an haraji. A ƙarƙashin irin wannan mota Odell ya fara riƙe sifana.

Karatu da aikin soja

Ya shiga makarantar gundumar a 1940, ya bar ta a 1949 sa'ad da ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinsa, ya rungumi gonar. A 1953 aka ɗauke shi soja, inda ya yi shekara biyu yana gyaran manyan motoci. Ya dawo gida a 1955 da takardar shaidar kanikanci, ya buɗe gareji a bakin titi, daura da cocin Bethel.

Kafa filin tsere

A wancan lokaci samarin yankin sun ɗauki al'adar gwada gudun motocinsu a filayen kiwo, motoci irin na hawa da kowa ke saye, a kwance kujerun baya, a gyara injin. A bazarar 1957 Odell ya ari motar share hanya, ya zana da'ira mai tsawon rabin mil a jar ƙasar da ke bayan garejinsa, ya kewaye ta da katako. Ranar Lahadi ake tseren, domin ita kaɗai ce ranar da manomi ke da sarari. Tsakanin ƙofar filin da ƙofar cocin titi ne kawai, kuma an ruwaito cewa a Lahadin farko rurin injuna ya hana jama'a jin ko kalma ɗaya daga wa'azin Fasto Lemuel Hartsell.

Aure

Vernice, ɗiyar wannan Faston, ita ce ke kaɗa piyano a cocin. A 1959 Odell ya je neman aurenta. Fasto Hartsell bai tambaye shi dukiya ko asali ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: muddin filin yana hannunsa, ba za a tayar da inji ranar Lahadi ba sai an tashi daga sujada. Odell ya amince, suka yi musabaha a kan matakalar cocin ba tare da shaida ko rubutu ba. An ɗaura auren ranar 6 ga Yuni na wannan shekara.

Daga nan wata al'ada ta samo asali. Idan an rufe sujada, Vernice takan rufe piyano, ta tsallaka titi da takalman cocinta, ta tsaya a ƙofar fili ta ɗaga farin hankici, sannan a tayar da injuna. Idan wa'azi ya yi tsawo, kowa jira yake yi. Dewey Sizemore, direban da ya fi kowa cin tsere a filin, kuma abokin Odell tun ƙuruciya, ya taɓa aika wa Fasto kaji biyu da saƙon cewa a taimaka a taƙaita labarin Ayuba. Fasto ya karɓi kajin, ya kuma karanta labarin har ƙarshe. Dewey ne ya laƙaba wa Odell sunan "Ƙaramin Fasto", kuma da shi direbobi suka riƙa kiransa har tsufansa.

Shiga jadawali

A 1965 babbar ƙungiyar da ke tsara tsere a jihohin kudu ta sanya Tolliver cikin jadawalinta na shekara, ta ba shi Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, lokacin da manoma suka sayar da taba, aljihu ya yi nauyi. Wannan rana ta zama arzikin garin baki ɗaya. Masaukan baƙi suna cika, mata suna sayar da soyayyar kaza da burodin masara, masu filaye suna ba da hayar wurin ajiye mota. Duk abin da ƙungiyar ta buƙata Odell ya aiwatar ba musu: ya shimfiɗa kwalta a kan jar ƙasar a 1974 ko da yake bai so ba, ya maye gurbin katako da bangon siminti a 1981, ya ƙara kujeru har sau uku. Fasto Hartsell ya rasu a 1976, amma ba abin da ya sauya game da hankicin.

'Ya'ya

Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Royce a 1961, Darlene a 1964, da Tilman a 1969. Royce ya karanta harkar kasuwanci ya dawo ya zama mataimakin mahaifinsa a ofis. Darlene ta koyi piyano a wurin mahaifiyarta.

Shekarar rasa rana

A farkon 1996 ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da wani gidan talabijin, wanda ya ƙayyade lokacin fara kowane tsere, kuma lokacin da aka yanke wa Tolliver ya faɗo a tsakiyar sujada. Wakilin ƙungiyar ya zo da kansa ya bayyana cewa ana gina manyan filaye kusa da biranen yamma, kowanne yana neman rana, kuma gidan talabijin ba zai zuba wa ƙofar coci ido yana jiran wata tsohuwa ta tsallaka titi ba. Odell ya saurare shi har ya gama, ya ba shi shayi mai ƙanƙara, ya ce ba zai yiwu ba.

Garin ya shiga ruɗani. Dattawan coci suka zauna, matashin Faston da ke riƙe da Bethel a lokacin ya zo gareji da maslaha: a wannan Lahadi ɗaya za a yi sujada da sassafe, a tashi kafin lokacin talabijin. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Odell ya gode masa, ya ce: "Fasto, ba da kai na yi alkawarin ba. Cewa aka yi fili ya jira coci, ba coci ya yi sauri saboda fili ba."

Royce ya ce masa a gaban ma'aikata: "Haba Baba! Mutumin nan fa shekara ashirin ke nan yana kabari."

Odell ya ce: "Ai shi ya sa. Da yana da rai, da na je na roƙe shi."

Dewey ma ya zo da sandarsa, ya ce: "Kai Ƙaramin Fasto, taurin kan nan naka da a jikin mota yake, da ba a taɓa kawo ta gyara ba. Gari za ka kashe saboda hankici?" Vernice kaɗai ba a ji ta bakinta ba, kuma ba a san ta taɓa cewa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba.

An yi tseren ƙarshe ranar 27 ga Oktoba, 1996, ba tare da talabijin ba. A jadawalin 1997 an mayar da ranar wani sabon fili a yamma. Royce ya bar gida ya kama aiki da ƙungiyar. Cikin shekara uku masaukan baƙi biyu suka rufe, kuma akwai mutanen Tolliver da suka daina kai mota garejin Odell, wasunsu har suka mutu ba su sake gaisawa da shi ba.

Shekarun tsufa

Masu gina ɗakunan ajiya sun taya filin sau da dama, bai sayar ba. Kowace bazara yakan yanke ciyawa, ya toshe tsagar kwalta, ya sabunta fentin bango, alhali ba motar da za ta bi. Dewey ya rasu a 2004, Vernice a 2008. Daga nan Odell ya rufe gareji, sai dai yakan zauna a rumfarsa da rana, wanda ya zo ya saurara ya ji labarin tsoffin direbobi. Game da 1996 kuwa ba ya cewa komai.

A wajen 2019 'yan kallo suka fara raguwa a manyan filaye, muhawara ta kaure a ƙungiyar game da makomar wasan. Wasu suna ganin a kai tsere titunan manyan birane, wasu suna ganin a koma ƙananan filayen da wasan ya taso. A 2022 aka yanke shawarar gwada tsohon fili ɗaya, kuma aka tarar cewa cikin waɗanda aka bari Tolliver ne kaɗai kwaltarsa ba ta zama daji ba. Royce aka aiko, a lokacin yana da furfura, kuma rabonsa da rumfar garejin tun rasuwar mahaifiyarsa.

Odell ya tambaye shi abu ɗaya: "Ƙarfe nawa?"

Royce ya ce: "Sai an tashi coci, Baba. Har na'urar ɗaukar hoto suke so su kafa a ƙofar. Wai abin da mutane ke son gani ke nan."

Odell ya ce: "Abin da suka kore mu a kansa shi suka dawo saye. To, zauna mana, ko kujerar ma sai an tambayi talabijin?"

An sanya Tolliver a jadawalin 2023, Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Rasuwa da jana'iza

Odell Venable ya rasu a gidansa ranar 17 ga Agusta, 2023, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara tamanin da tara, saura wata biyu da 'yan kwanaki a yi tseren. An yi masa addu'a a cocin Bethel, motar gawa ta zaga da shi filin sau ɗaya a hankali, sannan aka binne shi a maƙabartar cocin kusa da matarsa, ba nisa da kabarin Fasto Hartsell.

Ya bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai. Royce shi ke riƙe da filin a yanzu. Tilman yana noma a tsohuwar gonar kakansa. Darlene ita ke kaɗa piyano a Bethel, kuma ita ce ranar 29 ga Oktoba, 2023, bayan wa'azin da ya yi tsawo fiye da kima, ta rufe piyano ta tsallaka titi da hankicin mahaifiyarta, ta tarar da motocin a jere, injunansu a kashe, suna jira.