Ranar da Muciya Ta Gagare Ni

A unguwarmu a Wudil, in dai biki ne ko suna ko zaman makoki, ni ce a bakin murhu. Ba a aiko min. Da na ji labari sai in ɗauki muciyata in tafi. Na tuƙa tuwon gidajen da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Kuma ba zan ɓoye ba, ina da faɗa a wajen girki. Wadda duk ta bar min gudaji a tuwo sai ta gane kurenta.

Kafaɗata ta dama ta daɗe tana ciwo, ina shafa man zafi ina cewa gajiya ce. Sai 'yata ta dawo gida haihuwar fari. Saura kwana biyu suna, na tashi ko ɗankwali na kasa ɗaurawa. Ga dangin mijinta za su zo daga Lajawa mota guda, kuma duk sun san wace ce ni a girki. Abin da nake tsoro ke nan, a ce baƙin 'yata sun tashi da yunwa a gidana.

Na zauna jiran mata su ce za su kama min. Suna shigowa barka, su ɗauki jaririya, su yi addu'a, su fice. Babu wadda ta yi zancen tukunya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara mita a ɗaki.

'Yata ta ce, "Umma, kin faɗa musu?"

Na ce, "Sai na faɗa? Ba su da ido?"

Ta ce, "Ai kin rufe hannun da mayafi, kina ta yi musu dariya. Me za su gani?"

Washegari da hantsi na shiga gidan maƙwabciyata, wadda na girma da kusan shekara goma. Na tambayi maigida, na tambayi yara, har awakinta na tambaya. Na miƙe zan tafi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Ta rako ni zaure, ta tsaya tana kallona.

"Yaya, lafiya kuwa?"

Na ce, "Hannuna ya ƙi. Ku zo ku taimake ni." Kunya ta rufe ni.

Ta ce, "Wallahi Yaya, jiya muka gama maganar. Tsoro muka ji, kada ki ce mun raina ki a gidanki. Wa zai ɗauki muciya a gabanki?"

Ranar suna mata takwas suka cika min tsakar gida. Suka shimfiɗa min tabarma nesa da murhu, suka ɗora min jikata a cinya, suka ce in na tashi su ma tafiya za su yi. Bakina ya yi ta ƙaiƙayin yi musu gyara, amma na ci gaba da rarrashin jikata.

Da aka sallami baƙi, maƙwabciyar ta durƙusa ta ajiye min kwano, tuwon yana tururi. Na daɗe ina kallonsa. Shekara da shekaru ina ciyar da taro, abin da nake samu ƙanzo ne a tsaye, bayan kowa ya watse. Na sa hannu na ci, hawaye na zuba, ban kuma rufe fuskata ba.