Kalibu Vandi da Allurar da Ta Ƙi Motsi

Shekara goma sha biyar, duk ranar da ƙaramin jirgin likitoci zai sauka a Mubi, Malam Kalibu Vandi ne ke fara isa fili. Yakan kore awaki, ya tsince duwatsu, ya mirgino duron fetur gindin tsamiya, sannan ya zauna kan akwatin sifanunsa yana sauraren sama. Makanikin manyan motoci ne, bai taɓa shiga makarantar jirgi ba. Mu kuwa a wancan zamani, in damina ta yanke hanya, ba mu da abin kai mara lafiya babban asibiti sai wannan jirgi mai kujera huɗu.

A watan Agustan 1968 aka ɗauko ɗalibata Susanna daga Digil, 'yar shekara tara, cikinta ya kumbura, likita ya ce sai an yi mata aiki a ranar. Matuƙin jirgin, wani Bature mai jin Hausa, ya duba gejin mai. Tankin fiffiken dama rabi, na hagu cike. Ya ce man ya isa, a shigo da yarinya.

Kalibu ya kama bakin fiffike ya jijjiga, kamar yadda ya saba kafin kowane tashi. Allurar gejin dama ta yi rawa. Ta hagu ko gezau.

"Ranka ya daɗe, wannan allura ƙarya take yi," in ji Kalibu.

"Jiya ma haka ta nuna."

"To, tun jiya take yi."

Elkana, uban yarinyar, ya riƙo rigarsa. "Baba Kalibu, yarinya na mutuwa, kai kana wasa da fiffike?"

"Ka ba ni rabin awa, ɗan'uwana. In mai ya ƙare wa mota, sai a tsaya gefen hanya. Sama ba ta da gefe."

Ya hau kan duro, ya zura sanda a tankin hagu. Yatsa uku kaɗai ta jiƙe. Ya fara da wayar geji, ya same ta lafiya. Sannan ya kwance abin da ke yawo a kan fetur yana faɗa wa geji yawan mai, ya tarar tsatsa ta cije hannun abin, ya maƙale a sama. Ya goge, ya mayar, ya riƙa zuba mai galan-galan yana tambayar matuƙi abin da allura ta ce, har bakinsu ya zo ɗaya. Daga baya matuƙin ya gaya mana hadari ya tare su, sai da suka yi dogon zagaye. Da tsohon man ne, da a kan duwatsu zai ƙare.

Kai ne, Baba Kalibu, mai hannun haƙuri, ka jure zargin uba a gaban jama'a ba ka ɗaga murya ba. Yanzu da ido ya yi rauni ka ajiye sifana, mun gode, Allah ya saka maka. Masu tasowa a kowace sana'a, ku koyi gwada abu da hannunku kafin ku ɗora ran mutum a kansa.

Susanna tana koyon aikin jinya yanzu. Na tambaye ta abin da ta tuna na ranar. Ta ce, "Malam, ina kwance a inuwar fiffike ina jin haushinsa. Da na ga sandar nan ta fito kusan a bushe, sai na gane shi ma so yake in rayu."