Hayaƙina a Ƙirjin Baba

A lokacin ina tuƙa motar ɗaukar kaya a wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, nan Riyadh. Saurayi ne ni, sigari ba ya barin bakina. A masauki ina ɗaki ɗaya da wani dattijo ɗan Maraɗi da nake kira Baba. Saboda zafi, tagarmu kullum a rufe take, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, ni kuwa ina ta busa abina.

Rannan kamfani ya ce nan da wasu watanni za a hana shan taba a wurin aiki da masauki, wanda aka kama kuma zai rasa aikinsa. Hankalina ya tashi, don iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsu take. Jami'in da aka sa ya shirya mu tsohon sojan ruwa ne daga wata ƙasa. Ya ce ya yi aiki a jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, inda babu taga, numfashin da wani ya fitar shi wani zai shaƙa. Da aka hana su taba, an haɗa kowane mashayi da abokin da zai riƙe shi. Haka ya yi mana, ya haɗa ni da Baba.

Wallahi na sha wuya. Kaina na sara, abu kaɗan sai faɗa. Baba yakan miƙo mini goro ko asuwaki, ya ja ni mu zaga bayan sito har abin ya lafa. Na sha daka masa tsawa, sai ya ce in yi haƙuri, tabar ce ke magana, ba ɗansa ba.

Bayan na daina, wani tari da Baba ya daɗe yana yi ya tsananta, na raka shi asibiti a Shumaisi. Likita ya tambaye shi yaushe ya fara shan taba, ya ce bai taɓa ba. Ya sake tambaya ko akwai mai sha a ɗakinsu. Baba ya dafa gwiwata, ya ce da akwai, amma yaron kirki ne, ya bari. Na kasa ɗaga kai.

Yanzu Baba ya koma gida yana jinyar ƙirjinsa. In na kira shi, kafin in tambayi jikinsa sai ya riga ni tambaya ko ina nan kan bakata.

Na gane cewa mai haƙuri da kai ba lallai ne lafiya yake ba. 'Yan'uwana masu sha, kafin ku kunna, ku dubi wanda ke zaune kusa da ku bai ce komai ba.