Manibel ɗin Baba

"Baba, ɗan taɓa manibel ɗin ga," in ji Malam Sani makanike, jiya a garejinshi na Dogon Dutsi.

Baba ya ɓata rai. Tun da hannunshi na dama ya shanye ba ya iya murza manibel, wato abin sauke gilashin mota. Shi ya sa ya daina shiga tsohuwar motarshi ko da ni ke tuƙi. Ya ce shi ba ya wuce mutane gilashi rufe, babu gaisuwa.

Da muka kai ta gyara na ce a sa mata gilashin lantarki. Baba ya ƙi ƙememe, wai kada a huda mishi ƙofa a liƙa maɓallan roba. Malam Sani bai yi musu ba, ya dai ce a ba shi sati biyu.

To, jiya Baba ya dunguri manibel da bayan hannu, sai ga gilashi ya sauka sumul.

"Kai Sani, mi ka yi mata?"

"Ban cire komi ba, Baba. Injin na cikin ƙohwa, makunnin na bayan manibel. Duk wanda ya gani, cewa zai yi kai ka murza."

Tafiyar minti biyar ce zuwa gida, amma mun kusa awa guda, don babu rumfar da Baba bai tsai da ni ya gaisa ba.

Ni mota na kai gyara, Malam Sani ya maido mani da ubana. Akwai makanike irinshi a garinku?